Wa Ya Ƙona Fim ɗin Kodak?

Wanda ya riski zamanin kyamarar fim ba zai manta da fargabar ranar karɓar hoto ba. An yi biki, an caɓa ado, an jeru an ɗauka, sai ka je wurin mai hoto ya ɗaga maka baƙar leda ya ce fim ya ƙone. Ba sai da wuta ba. Ɗan haske na ƙiftawar ido ya isa ya ɓata aikin yini guda. Shi ya sa ake naɗe fim a baƙar takarda, a rufe shi ruf, ba a buɗewa sai a ɗakin duhu. Masu sana'ar sun san abu ɗaya tabbas: fim ba ya yin baƙi haka kawai. In ka ga tabo a jikinsa, to wani abu ya taɓa shi.

A watannin ƙarshe na 1945 wannan ƙa'ida ta jefa kamfanin Kodak cikin ruɗani. Kamfanin yana birnin Rochester ne a jihar Niyu Yok ta Amurka, kuma a lokacin shi ne gagarabadau wajen yin fim, har da manyan fallayen da asibitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji da su. Sai aka fara ganin fallayen nan suna fitowa daga wanki da ɗige-ɗigen baƙi, kamar an barbaɗa musu masoro. Fim sabo fil, cikin kwalinsa, ba wanda ya taɓa buɗe shi. Ga mai hoton biki wannan asarar kuɗi ce kurum. Ga likita kuwa abin ya wuce nan, domin ɗigo ɗaya a hoton huhu yana iya sa a ɗora wa mai lafiya ciwo, ko a kau da kai daga ciwo na gaske.

Aka ɗora binciken a wuyan Julian Webb, masanin fiziks a ɗakin binciken kamfanin. Ruwa ba ya tsami banza, kuma aikin Webb shi ne ya nemo abin da ya tsamar da wannan.

Wanda aka fara zargi

Haske dai ba shi da hannu. Da shi ne ya kutsa ta wata kafa, da baƙin ya bi gefen fim ya shafe shi kamar hayaƙi a bango. Wannan kuwa ɗigo ne, nan ɗaya can ɗaya, har a tsakiyar falle. Irin wannan tabo yana nuna cewa abin da ya yi ɓarnar yana kwance ne a jikin fim, yana harbinsa a wuri guda kwana da kwanaki. To me ke kwana da fim a cikin kwali? Kwalin kansa, da allunan takarda masu kauri da ake haɗawa da fallayen don kada su lanƙwashe.

Nan take hankali ya koma kan wani tsohon mai laifi. Akwai sinadarai da ba su da natsuwa: ƙwayoyin zarrarsu suna ta tarwatsewa da kansu, suna fesa wani tartsatsi da ido ba ya gani, hanci ba ya shinshinawa, amma yana ƙona fim kamar yadda haske ke yi. Fitacce a cikinsu shi ne radiyom. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta shafa fentin radiyom a fuskar agogo da na'urorin jiragen yaƙi don lambobinsu su riƙa walƙiya cikin duhu. Takardu da kwalayen masana'antun da ke wannan aiki sukan shiga cikin tsofaffin takardun da ake sake sarrafawa, sai ɓurɓushin radiyom ya ɓulla a cikin sabon kwali. Kodak ya riga ya ɗanɗana wannan, har ya sa ido sosai a kan kayan da yake kunshe fim da su, yana sayen kwali daga zaɓaɓɓun masana'antu masu yin sa da karan hatsi maimakon tsohuwar takarda.

Webb ya bi sawun kwalin da ya ɓata fim, sawun ya kai shi wata masana'anta a garin Vincennes na jihar Indiyana, a bakin kogin Wabash. Rukunin da ake zargi an yi shi ne ran 6 ga Agusta 1945. In aka kwantar da allon kwalin a kan sabon fim aka bar su cikin duhu kamar mako biyu, sai a wanke fim a tarar da ɗige-ɗigen nan. Laifin kwali ya tabbata. Saura a san abin da ke cikinsa.

Toka ta wanke radiyom

Ɓurɓushin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ba ya aunuwa a cikin kwali yadda yake. Sai aka ƙona kwalin ya zama toka, don abin da ke warwatse ya taru wuri guda, aka kai tokar gaban na'ura.

Tartsatsin nan iri-iri ne, kowane sinadari da irin nasa, kamar yadda kowace dabba take da sawunta. Radiyom da yuraniyom da danginsu na cikin ƙasa suna fesa wani mai nauyi da masana ke kira alfa. Da radiyom ne a tokar, da alfa ya cika na'urar. Webb ya auna, bai sami alfan da ya wuce wanda ake samu a kowace toka ba. Abin da ya samu da ƙarfi shi ne wani iri daban, mai sauƙi da saurin ratsa abu, wanda ake kira beta.

Da wannan awo ɗaya radiyom ya kuɓuta, yuraniyom ma haka. Sai dai kuɓutarsu ta ƙara dagula lissafi, domin yanzu ba a san ko wane ne ake nema ba.

Abin da ke mutuwa wata-wata

Webb ya ci gaba da auna tokar nan mako bayan mako, sai ya lura ƙarfinta yana raguwa, kuma raguwar tana da tsari. Duk bayan kwana talatin ko kusa da haka, sai ƙarfin ya koma rabi. Bayan wani talatin ɗin, rabin ya sake rabuwa biyu.

Kowane sinadari mai tartsatsi yana da nasa wa'adin na komawa rabi, kuma wa'adin ba ya canzawa, ko an dafa shi ko an daskarar da shi. Na radiyom shekara 1,600 ne. Na yuraniyom da ake haƙowa a ƙasa ya kai biliyoyin shekaru, shi ya sa har yau yake nan a cikin duwatsu. Abin da ke komawa rabi duk wata kuwa ba ya daɗewa a duniya. Mai karatu ya lissafa da kansa: rabi, rubu'i, ɗaya bisa takwas, haka har sau goma sha biyu. Kafin shekara ta zagayo, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin 4,000 ba. Ke nan wannan abu ba daga tsohon dutse ya fito ba, ba kuma a wani sito ya shekara ba. Sabon haihuwa ne, 'yan makonni kafin ya shiga kwali.

Aka bi tokar da gwajin sinadarai, aka haɗa da ƙarfin tartsatsin da wa'adinsa, sai duk suka nuna abu ɗaya: seriyom-141, wanda ke komawa rabi cikin kusan kwana 32. Ba a haƙo shi a ko'ina. Yana samuwa ne idan aka fasa ƙwayar zarrar yuraniyom ko ta fulutoniyom, wato a cikin tukunyar nukiliya ko a cikin bam. A garin Vincennes kuwa babu ko ɗaya daga cikin biyun.

Koguna biyu, sama ɗaya

Ana cikin haka sai ga wata shaida daga inda ba a zata ba. Wata masana'antar kwali a garin Tama na jihar Ayowa, a bakin kogin Ayowa, ita ma kayanta sun fito da irin wannan ɓurɓushi. Tsakanin Tama da Vincennes akwai tafiyar kusan kilomita 700. Ba kogi ɗaya suke sha ba, ba gona ɗaya ke ba su kara ba. Da a wuri ɗaya abin ya tsaya, da sai a ce wani ne ya zubar da sharar ɗakin gwaji a kusa. Wuri biyu masu nisa haka, a lokaci guda, sai dai a nemi abin da ya haɗa su.

Yin kwali aiki ne mai shan ruwa. Ana jiƙa kara, a dafa, a markaɗa, a wanke, duk da ruwan kogi mai ɗimbin yawa, kuma zaren karan yana riƙe duk wani ɗan datti da ke cikin ruwan kamar yadda rariya ke riƙe tsaki. Webb ya karkata ga cewa ta ruwan kogi abin ya shiga. Ya kuma lura da wani abu da ya warware ƙullin: kwalin da aka yi bayan an tafka ruwan sama ya fi sauran ƙarfin tartsatsi. Ruwan sama ne ke wanko abin daga gonaki da tuddai zuwa kogi, kuma shi ne ke sauko da shi tun farko. Abin da ya haɗa Wabash da kogin Ayowa shi ne sararin da ke bisansu.

Wane bam?

A 1945 bama-baman nukiliya uku kacal aka tayar a duniya. Na Hiroshima ya faɗi ran 6 ga Agusta, ranar da ake cikin yin kwalin nan a Vincennes, saboda haka ƙurarsa ba ta da lokacin da za ta ƙetare tekun Fasifik ta shiga kogi a Indiyana. Na Nagasaki ya zo bayan kwana uku, ya makara ke nan. Saura ɗaya, kuma da aka duba kwanan watansa sai biri ya yi kama da mutum.

Ran 16 ga Yuli 1945, da ƙarfe 5:29 na asuba, Amurka ta gwada bam ɗinta na farko a hamadar jihar Niyu Meksiko, gwajin da aka laƙaba wa suna Trinity. An ɗora bam ɗin ne a kan hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 30 kacal. Ƙarfinsa ya kai na tan dubu 21 na nakiya ko fiye. Saboda kusancinsa da ƙasa, dunƙulen wutar ya lashi doron hamada, ya narkar da yashi ya mai da shi koren gilashi, ya zuƙi ƙasa mai yawa ya yi sama da ita. Daga cikin kusan kilo 6 na fulutoniyom da ke cikinsa, wajen kilo 1 ne kawai ya fashe; sauran ya tarwatse ya bi hayaƙi. Gajimaren ya haura kilomita 11, ya rarrabu, mafi yawansa ya nufi arewa maso gabas.

Dubban mutane ne ke zaune a kewayen wurin, makiyaya da manoma, da yawansu ruwan sama suke tarawa a tanki su sha. Ba wanda ya gargaɗe su. Da suka ga hasken da ya fi na rana suka ji girgiza, sai sojoji suka ba da sanarwa cewa rumbun harsasai ne ya fashe. Toka ta yi ta sauka a wasu wurare, shanun da ke kiwo a tudun Chupadera suka sami ƙuna a gadon baya, gashin wurin ya zube ya fito fari. Bayan Hiroshima gwamnati ta bayyana cewa an yi gwajin. Abin da ba a faɗa ba, wanda kuma ko masu bam ɗin ba su bi sawunsa da nisa ba, shi ne inda sauran gajimaren ya tafi.

Kwali ya ba da amsa. Mako uku tsakanin gwajin da ranar 6 ga Agusta, tazarar fiye da kilomita 1,600 tsakanin hamadar da Vincennes, ga kuma seriyom-141 da sauran ƙarfinsa. A 1949 Webb ya buga sakamakonsa a mujallar kimiyya ta Physical Review, inda ya nuna cewa bayanin da ya fi dacewa shi ne ɓurɓushin bam ɗin Niyu Meksiko ne iska ta ɗauko. Wani bincike da masana daga Jami'ar Princeton suka jagoranta a 2023, da tsofaffin bayanan yanayi da kwamfuta, ya nuna cewa cikin kwana goma ƙurar Trinity ta taɓa jihohi 46 na Amurka, ta shiga Kanada da Meksiko.

Yadda iska ke rabon

Mu da muka san hunturu ba ma buƙatar dogon bayani a kan tafiyar ƙura. Wadda ke kwanciya a kan tabarma da gashin ido a Kano ta taso ne daga can cikin Sahara. Ƙurar bam ma haka take tafiya, sai dai hawa-hawa ne.

Manyan ƙwayoyi masu nauyi, irin yashi da tsakuwar da wuta ta narkar, suna faɗowa cikin sa'o'i kaɗan a kan na kusa, su ne kuma suka fi ƙuna. Ƙananan da suka fi gari laushi sukan tsaya a sama. A sararin Amurka da Turai iskar sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, kuma a tsayin kilomita 10 zuwa 12 akwai wata mai gudun tsiya da kan wuce kilomita 200 a sa'a. Ƙurar da ta hau wannan iska tana iya ƙetare nahiya cikin yini biyu.

Sauko da ita kuwa aikin ruwan sama ne. Ɗigon ruwa yakan ƙullu a jikin ƙwayar ƙura, kuma yana share wadda ya tarar a hanya. Wanda ya tara ruwan farko na damina a bokiti ya ga jan laka a gindinsa ya ga wannan aiki da idonsa. Shi ya sa rabon ba ya bin nisa. Garin da hadari ya haɗu da gajimaren bam a kansa zai sha da yawa, maƙwabcinsa da ba a yi ruwa ba ya tsira. An ga haka ƙarara a Afrilun 1953. An tayar da bam a jihar Nevada ran 25 ga wata, gajimarensa ya yi tafiyar fiye da kilomita 3,000, ya ci karo da hadari mai tsawa a kan garin Troy na jihar Niyu Yok. Da Farfesa Herbert Clark da ɗalibansa suka shiga ɗakin gwajinsu da ke garin ran 27 ga wata, sai suka tarar na'urorinsu suna ta ƙara, suka fita suka auna kududdufai da kwalta da rufin gidaje, ko'ina abin yana nan.

An gargaɗi fim, an bar yara

Labarin Kodak bai ƙare a 1949 ba. Ran 27 ga Janairu 1951 Amurka ta fara gwaje-gwaje a sabon filinta na Nevada. Bayan kwana biyu aka yi dusar ƙanƙara a Rochester, na'urorin kamfanin suka nuna tartsatsin da ya ninka na kullum sau 25. Wannan karon ba a yi dogon bincike ba, an riga an san mai laifi. Kodak ya kai kuka ga hukumar makamashin nukiliya ta Amurka, har ya yi barazanar zuwa kotu. Aka sasanta a asirce: hukumar za ta riƙa sanar da Kodak da sauran masu yin fim tun kafin gwaji, ta ba su taswirar inda ake tsammanin ƙura za ta sauka, don su kare kayansu.

A nan ne zuciya ke sosuwa. Ƙurar da ke sauka a kan masana'anta ita ce ke sauka a kan makiyaya. A cikinta akwai aidin-131. Saniya ta ci ciyawa, sinadarin ya bi ta nono, yaro ya sha, jikinsa ya tattara shi a ɗan ƙullin nan na gaban wuya, wanda in ya kumbura muke kira maƙoƙo. Ƙullin yaro ƙarami ne, ga shi yara sun fi kowa shan madara, don haka su suka fi ɗaukar kaso mai yawa. Maganin kuwa ba shi da wuya, domin aidin-131 kwana takwas yake yi ya koma rabi. Da an ce wa iyaye su dakatar da ɗanyar madara na 'yan makonni, da mafi yawan haɗarin ya wuce. An yi haka a Ingila a 1957, lokacin da tukunyar nukiliya ta Windscale ta kama wuta: aka tattara madarar gonakin yankin aka zubar. A Amurka kuwa an tayar da bama-bamai kusan 100 a sararin Nevada tsakanin 1951 da 1962, ba a yi wa masu shanu da iyaye mata irin gatan da aka yi wa masu fim ba.

Sai a 1997 cibiyar binciken cutar kansa ta gwamnatin Amurka ta fitar da rahoton cewa aidin-131 na Nevada ya isa kusan kowane lungu na ƙasar. Ƙiyasin da ya biyo baya ya nuna cewa zai iya jawo ƙarin masu kansar wannan ƙulli na wuya tsakanin 11,300 da 212,000. A shekarar ce kuma maganar taswirorin Kodak ta fito fili a zauren majalisar dattawa, inda Sanata Tom Harkin ya nuna takaicinsa.

Da bama-bamai suka ƙara girma, sai ƙura ta sami hawa na uku. Wanda Amurka ta tayar a tsibirin Bikini ran 1 ga Maris 1954 ya kai tan miliyan 15 na nakiya. Tokarsa ta zuba a kan mutanen tsibirin Rongelap da wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗaya daga cikinsu, Aikichi Kuboyama, ya rasu bayan wata shida. Irin waɗannan manya suna cilla ƙura can sama da inda hadari ke haɗuwa, inda babu ruwan da zai wanke ta. Sai ta zagaye duniya, ta riƙa saukowa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. A birnin St. Louis likita Louise Reiss da abokan aikinta suka roƙi iyaye su aiko da haƙoran da yaransu suka famfare, aka tara fiye da 300,000. Aka sami sitironshiyom-90 a ciki, sinadarin da jiki ke ɗauka tamkar abin gina ƙashi, kuma yawansa yana hawa bisa shekarar haihuwar yaro. Wannan shaida tana cikin abin da ya matsa wa shugabanni, har Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a Masko ran 5 ga Agusta 1963 cewa sun daina gwaji a sarari. Faransa ta ci gaba har 1974, Sin har 1980. Jimillar waɗanda aka tayar a sararin duniya ta haura 500.

Da abin ya zo ƙofar gidanmu

Ran 13 ga Fabrairu 1960, ana tsakiyar hunturu, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane a kudancin Aljeriya. Ta sa masa suna Gerboise Bleue, sunan wani ɗan ɓeran hamada mai tsalle. Ƙarfinsa ya kai wajen tan dubu 70 na nakiya, ya ninka na Hiroshima kamar sau huɗu, kuma shi ma a kan hasumiya aka ɗora shi. Wasu uku suka biyo baya a wurin kafin ƙarshen Afrilun 1961. Hukumomin Faransa suka ce wurin hamada ne kuma an yi lissafin iska. Alhali akwai dubban mutane a dausayoyin yankin, ga Buzaye masu yawo da raƙumansu.

Shugabannin Afirka ba su yarda ba. Gana ta Kwame Nkrumah ta riƙe kadarorin Faransa da ke ƙasarta. Bayan gwaji na uku, na 27 ga Disamba 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda watanta uku kacal da samun 'yanci, ta kori jakadan Faransa Raymond Offroy a Janairun 1961, ta yanke hulɗa, ta hana jiragen sama da na ruwan Faransa shigowa Nijeriya.

Sai bayan fiye da shekara hamsin aka ga hujjarsu a rubuce. Wata taswirar sojan Faransa da aka cire wa hatimin sirri, wadda jaridar Le Parisien ta buga a Fabrairun 2014, ta nuna tafiyar gajimaren Gerboise Bleue rana bayan rana: ya ratsa Sahara ya isa Njamena, ya bazu a Afirka ta Yamma har Bamako, a rana ta 13 kuma ya taɓa kudancin Sifen da tsibirin Sisili. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan ruwan ya doki waɗanda ba su ja shi ba, ba a kuma ko shawarce su ba.

Akwai ƙarin abin lura. A Maris 2022 wata gagarumar ƙurar Sahara ta rufe sararin Yammacin Turai, jama'a suka tattara samfurinta suka aika wa masana. An sami ɗan ɓurɓushin nukiliya a ciki, kowa ya ɗauka na Reggane ne, tun da ƙurar daga kudancin Aljeriya ta taso. Da aka duba sawun fulutoniyom ɗin, kamar yadda Webb ya duba tokarsa, sai ya dace da na manyan gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet, waɗanda ƙurarsu ta lulluɓe duniya baki ɗaya. Binciken, wanda aka buga a 2025, ya kuma nuna cewa yawan abin ya yi ƙasa ƙwarai da matakin da zai cutar da lafiya. Wannan abin kwantar da hankali ne, kuma shaida ce cewa ko tsakiyar hamada ba ta kuɓuta daga abin da aka tayar a wata nahiya ba. Bai kuma wanke filin Reggane ba, inda har yau akwai gurɓatattun wurare da tarkacen da aka binne a yashi, kuma 'yan Aljeriyan da suka sami diyya ƙarƙashin dokar Faransa ta 2010 ƙalilan ne ƙwarai.

Abin da kwalin Vincennes ya yi bisa tsautsayi, yau ana yin sa da gangan. Ƙarƙashin yarjejeniyar haramta gwajin nukiliya ta 1996 an kafa tashoshi da dama a faɗin duniya, suna zuƙar iska dare da rana ta cikin matata, a auna abin da ya maƙale. Sai dai yarjejeniyar ba ta fara aiki a hukumance ba har yanzu, saboda wasu manyan ƙasashe ba su amince da ita ba, Rasha ma ta janye amincewarta a 2023.

Don haka, mai karatu, duk ranar da ka ji a rediyo wata ƙasa tana maganar komawa gwajin makamin ƙare-dangi, kada ka ce abin na can nesa ne. Tun 1945 aka san iska ba ta tsayawa a kan iyaka, kuma waɗanda suka sani sun zaɓi su kare fim su bar yara. Haƙƙinmu ne mu nemi gwamnatocinmu su ɗaga murya kamar yadda aka ɗaga a 1961, su kuma mara wa mutanen Reggane baya har a buɗe sauran takardu, a share musu ƙasarsu, a biya waɗanda aka cuta. Allah Ya kare mu da zuriyarmu daga sharrin abin da ido ba ya gani.